Takardar da ke Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Idan gaskiyar da mutum zai faɗa za ta sauƙaƙa wa abokan aikinsa, amma ta raba shi da aikin da ke riƙe da ransa, wa ke da hurumin ce masa ya faɗa? Tun sanyin bara nake juya wannan tambaya, har yau ban samu amsa ba. Abin da na sani shi ne ni na ce wa Anti Yvonne ta faɗa, alhali ban cancanci buɗe baki ba.

Gidan kwanan marasa matsuguni da muke aiki a birnin Winnipeg gado sittin da biyu ne da shi. Ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe ƙofa, kuma a watannin ƙanƙara mutum tamanin ko casa'in ne ke tsaye a layi. Ma'aikaci ɗaya tak ke tsayawa a ƙofar. Shi ke ƙirga masu shiga, shi ke duban na sittin da uku ido cikin ido ya ce masa an cika. Shekara goma sha tara Yvonne Desjarlais tana wannan aiki. Duk masu layin Anti suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni ina kicin ne, amma ina ganin yadda take shiga ɗakin ajiya bayan ta rufe ƙofa, ta yi minti goma tana fuskantar bango.

Mun yi shekaru muna roƙon a sa mutum biyu a ƙofa. Amsar manajanmu, Garth Kowalchuk, ita ce kwandon ƙwallayen roba da ya ajiye a ɗakin hutu, wai mu riƙa matsawa in ranmu ya ɓaci. Da Lorne, mai riƙe ƙofa ranar hutun Yvonne, ya gaya masa hannunsa na rawa, sai Garth ya mayar da shi ɗakin wanki a ƙarƙashin ƙasa, wai don lafiyarsa. Wata uku Lorne ya yi yana linke zannuwan gado shi kaɗai, sannan ya ajiye aikin.

Ana haka sai ga Tamsin Wiebe daga jami'a, tana bincike a kan yadda wannan aiki ke cin masu yinsa. Ta raba mana takardun tambayoyi: kana samun barci, kana jin faɗuwar gaba kafin shiga aiki, da makamantansu. Ta ce ba a rubuta suna, kuma kwamitin da ke yanke yawan ma'aikata zai karanta rahotonta. Sai ta nemi ɗaki mai makulli inda za ta ajiye akwatin tara takardun. Ɗaki ɗaya ne mai makulli a gidan, ofishin Garth. Can ta ajiye, ta yi godiya ta tafi.

Yvonne ta sa tabarau ta karanta, ta tsaya a tambaya ta biyu, wadda ke neman shekarun mutum a aiki.

"Wai babu suna," ta ce. "Ga gurbin masu sama da shekara goma sha biyar. Su wa ke nan a gidan nan? Daga ni sai tukunyar miyar Orest."

Orest ni ne. Na bi ta har bakin ƙofa ina yi mata wa'azi. Na ce maganarta ce kaɗai za ta yi nauyi, na ce shirunta zalunci ne ga duk wanda zai gaji ƙofar.

"Malamin kicin, ka karanta littattafan da ake mantawa a ƙarƙashin gado, yau kuma ka zama alƙali," ta ce. "In na rubuta ba na barci, ina za a kai ni? Wajen zannuwan Lorne. Sannan a cikin masu layi wa zai san tsoho Hector ba taurin kai ne da shi ba, kunnensa na hagu ne ya mutu?"

Ta linke takardar sau huɗu, ta cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin ƙofa da ya daɗe yana rawa.

Na koma kicin raina a ɓace, na zauna da tawa takardar. A tambayar faɗuwar gaba, alƙalamina ya tsaya a kan gurbin "kusan kullum". Sai na tuna akwatin, kwali ne da aka liƙe bakinsa kawai, yana zaune a bayan kujerar Garth. Na tuna shekarata hamsin da takwas, kuma ba ni da takardar makaranta ko ɗaya. Na matsar da alƙalamin zuwa "da wuya".

Bayan mako uku Tamsin ta dawo, aka tara mu da tsakar rana. Garth har da sayo cincin mai sukari. Ta ce takarda goma sha huɗu ta samu cikin goma sha biyar, kuma a gidaje goma sha ɗaya da ta zaga, namu ne ma'aikatansa suka fi kwanciyar hankali. Garth ya karɓe zancen yana murmushi. Ya ce kwamiti na so ya je ya yi bayanin yadda mutum ɗaya ke isar ƙofa, don sauran gidajen su yi koyi.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Ga mutumin da ya san mutum huɗu sun bar mana aiki a shekara guda, yana lasar sukari a yatsa. Ga mai nazarin tsoro da ba ta ga inda ta ajiye akwatinta ba. Ga kuma ni.

Yvonne ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina.

"Har da kai, Malam?"

Na sunkuyar da kai. Nan Tamsin ta gane tsoron inda akwatin ya zauna ne ya canza amsoshinmu. Fuskarta ta yi ja, ta ce tana da lokaci zuwa Juma'a, za ta sake raba takardun, kowa ya miƙa mata hannu da hannu. Da Yvonne ta tayar da zancen tambaya ta biyu, Tamsin ta ce ba za ta iya canza ta ba, domin iri ɗaya ce a duk gidajen, amma Yvonne na iya tsallake ta.

"In na tsallake, za su ce wata sabuwa ce da ba ta saba ba," in ji Yvonne.

Garth ya gyara murya, ya ce cikin taushi duk wanda ƙofa ta yi wa nauyi ya zo ya same shi, akwai wasu ayyukan a gidan.

Yvonne ba ta dube shi ba. Ta tashi ta fita, muka ji ƙarar jan tebur. Ta dawo da takardar, ƙafar tebur ta bar mata tabo baƙi a tsakiya. Ta shimfiɗa ta a gaban Garth, kusa da kwalin cincin, ta goge ta da gefen hannu. Ta zare alƙalamin da ke aljihun rigata ba tare da ta tambaye ni ba, ta fara da gurbin masu sama da shekara goma sha biyar.