Farar Kwaba da Shuɗin Akwati

Ni kafinta ne a Tasawa, shekara ashirin da 'yan kai ina shaƙar garin katako, kuma ina da doka ɗaya: ba a zaɓar launin kwabar madafa a shagona. In mutum ya zo yana nuna mini hoto a waya, sai in yanko guntayen katako uku ko huɗu, in shafa musu fenti iri-iri, in ce a kai wa mai girkin ta rataye su kusa da tukunyarta daga wannan ran kasuwa zuwa mai zuwa. Wanda ya jure, kuma ranta ya kwanta da shi, shi za a shafa. Wasu na cewa iyayi ne ya yi mini yawa. Su yi ta faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ban taɓa tuƙa tuwo a madafar kowa ba.

Sau ɗaya na karya dokar nan, kuma saboda Mushe Manzo ne. Shi ya koya mini karatu a lakwal, makarantar boko, shi ya sa har yau ban iya kiransa da wani suna ba sai mushe, yadda muke kiran malamanmu. Da ya ajiye aiki ya koma gida Maijirgi tare da matarsa, Inna Lalla, suna noman gero da gyaɗa, suna zamansu lafiya lau.

Wata safiya ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar shagona. Bayan gaisuwa ya faɗa mini abin da ke tafe da shi. Inna Lalla ta daɗe tana tari, idanunta na ruwa. Ya kai ta asibiti, lokotoro ya ce hayaƙi ne, shekara talatin da tara tana durƙushe gaban kara da itace, in ba ta rabu da shi ba ƙirjin zai ci gaba da lalacewa. Shi ne Mushe ya sa aka gina ɗan ɗaki na siminti mai taga biyu, ya sayo murhun gaz, saura kwaba ta jera kaya. Inna kuwa ba ta san komai ba. Tana Maraɗi wajen autarsu Fatiha da ta haihu, sai an yi arba'in za ta dawo, kuma saura kwana goma sha biyu. So yake ta dawo ta tarar.

Ya ciro waya ya nuna mini hoton da Fatiha ta turo: madafa fara fat, ko ƙuda bai taɓa sauka a kai ba. Ya ce da shi da Fatiha sun yi shawara, fari ba ya tsufa, ba ya fita yayi, shi za a yi. Na fara yi masa bayanin guntayen katakona, na ce a bari mai madafar ta dawo. Sai ya sauke tabarau kan hanci ya dube ni ta samansa, irin kallon da yake yi mini in ban haddace darasi ba.

"Cha'ibu," in ji shi, "le blanc, c'est classique, fari ba ya tsufa. Yi abin da anka ce ma."

Ga ni da gemu, ga 'ya'ya biyar, amma sai na ji bakina ya ce to, Mushe.

Da na je awo na leƙa tsohuwar madafar, wata 'yar rumfa mai baƙin rufi a gefen tsakar gida. Duwatsun murhu uku, da turmi, da wani tsohon akwatin katako a kusurwa, shuɗi ne da hayaƙi ya dafa har ya kusa zama baƙi. A ciki Inna ke ajiye daddawa da kuka da kanwa da barkono. Mushe ya harare shi ya ce in na gama aiki in taimaka masa a faskara shi, ya gaji da ganinsa. Na ce to, amma ban taɓa shi ba. Kafinta ba ya son faskara aikin wani, ko da aikin ya karkace, wannan kuwa ya karkace ƙwarai.

Kwabar ta yi kyau, ba don ni na yi ba. Ƙofa shida, aljihu uku, fenti shafi uku. Mota ta sauke mu, ni da yaran shagona, a bakin titi, amalanken jaki ya ƙarasa da mu gidan, muna tafe muna tare ta kamar an ɗauko amarya. Na kafa, na goge, na koma Tasawa ina jin daɗin kaina.

Bayan mako uku sai ga Mushe. Ya zauna kan bencina ya sunkuyar da kai, abin da ban taɓa gani ba tun ina ɗan aji ɗaya. Na tambaya ko ƙofa ce ta kumbura. Ya ce a'a. Ko Inna ba ta so ba? Ya ce ai son ne ya yi yawa.

Ga yadda aka yi. Ran da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta shiga a hankali, ta yi ta sa masa albarka har da hawaye. Washegari ta kwaso duk kwanukan jerenta, da tangaran ɗin da 'ya'ya suka kawo mata shekara da shekaru, ta jera su a kwabar. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta lulluɓe murhun gaz da kyalle mai ado. Sannan ta sa kwaɗo ta kulle ɗakin, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Kullum da safe takan buɗe ta share ta goge, matan unguwa su zo kallo, har wata ƙanwarta ta taso daga Hawandawaki musamman, kowa na cire takalmi. In rana ta yi sai ta koma rumfarta ta hura kara. Tarin yana nan inda yake.

Mushe ya ce ya yi mata bayani dalla-dalla, har da zanen huhu a ƙasa. Takan ce to, Malam, ta ci gaba da abinta. Mutumin da ya juya yara ɗari da ido ɗaya ya kasa tsohuwa guda. Dariya ta zo mini har wuya, amma da na dubi fuskarsa sai ta koma. Tsoro ne a idonsa, ba fushi ba.

Na yanko guntaye huɗu: kore, ruwan ƙasa, ruwan toka, da ja mai duhu. Na hau bayan babur ɗinsa muka tafi.

Mun iske Inna a rumfa tana fifita wuta, hayaƙi ya turnuƙe ta. Ta yi mini maraba, ta yaba aikina har na ji kunya. Na zauna kan turmi na tambaye ta ko gaz ɗin take tsoro. Ta ce ina, ai da shi ta yi girki kwana arba'in a gidan Fatiha. To mene ne? Ta yi tari, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta miƙo mini tafukan hannunta biyu, duk mai da toka.

"Ɗana, dubi hannun nan. Da shi zan taɓa wanga hwarin abu? Miyar kuka ta yi tsalle, man gyaɗa ya yi tsalle. Kwana ukku sai in ɓata mishi abin da ya sha wahala a kai. Tun da nike ba a taɓa ba ni abu mai kyau haka ba."

Nan na gane laifin namu ne, ni da malamina. Mun san matanmu sarai. Abin da ya cika kyau ba a amfani da shi, jera shi ake yi a riƙa kallo. Uwata ta rasu ta bar kwanuka goma sha biyu da ko ruwa ba su taɓa gani ba. Mun so mu yi wa Inna madafa, sai muka yi mata ɗakin jere.

Na ba ta guntayen. Na ce ta rataye su nan kusa da tukunya, ta taɓa su da hannun miya, kada ta tausaya musu. Ran kasuwa mai zuwa zan dawo, wanda ta ga za ta iya zama da shi, shi zan shafa a kan farin. Mushe ya buɗe baki zai ce wani abu game da fari, ni kuma, Allah ya yafe mini, na dube shi ta saman tabarau da ba ni da shi. 

Da na dawo na tarar da guntayen huɗu an jingine su a bango. Ta ce koren na masallaci ne, ba ta iya ɓata shi. Ruwan tokar kamar asibiti. Jan yana sa mata zafi a ido. Ruwan ƙasar ba laifi, amma ta gaji da ganin ƙasa, ƙasa a gona, ƙasa a bango, ƙasa a tsakar gida. Raina ya fara ɓaci, don ni ma ina da zuciya, kuma hanya ba kusa ba ce. Na ce to Inna, launi ai ya ƙare. Sai ta juya ta dafa murfin tsohon akwatin nan.

"In kana iyawa, yi mini irin wanga. Shi ya san hannuna."

Na fito da akwatin rana na duba shi da kyau. Wajen da hannu ke kamawa ya yi santsi yana sheƙi, mai na shekaru ya shige shi har ba ka bambance tabo da fenti. Na koma Tasawa na ɗauko gwangwanayen fenti, na zauna a tsakar gidan ina haɗawa: shuɗi, da ɗigon baƙi, da ɗan ruwan ƙasa. In na shafa a katako sai Inna ta kara shi da murfin akwatin ta girgiza kai. Ya cika haske. Ya cika duhu. A haɗi na biyar ta jira ya sha iska, ta tsoma babban yatsa a man gyaɗa ta danna a kai, ta goge da bakin zane, ta ɗaga shi sama ta duba. Ta ce shi ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ban taɓa ganin mai gwaji kamarta ba.

Ta kwashe jerenta ta mayar ɗaki, ni kuma na shiga kankare farin nan da na yi alfahari da shi. Mushe ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa yana kallona, ransa ba daɗi. Can ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce akwatin nan shi ya yi shi. Shekarar da aka yi aurensu an tura shi koyarwa garin Sarkin Hausa, ɗaki ɗaya, ba su da komai, ɓeraye na cinye mata kayan miya. Ya tsinto katakai ya buga da dutse, don ko guduma ba shi da ita. Fentin kuwa ragowar na ƙofar lakwal ne da mai fentin ya bar masa a gindin gwangwani. Ran da ya ba ta ya yi mata alkawarin wata rana zai yi mata na kirki, irin na matan manya. Aka yi ta haihuwa, aka yi ta canjin gari, akwatin na biye da su a kan amalanke. Duk lokacin da ya gan shi sai ya ji kunya, ya tuna alkawarin da bai cika ba.

Ashe Inna na tsaye bayan taga da tsintsiya a hannu.

"Malam," ta ce, "ni ban taɓa jiran wani akwati ba. Shi ne abu na hwarko da ka yi mini da hannunka. Kai kaɗai ka ke ganin karkacewar."

Mushe ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ni kuma na dage da kankarewa, don bai kamata ɗalibi ya ga irin wannan ba.

Fatiha ta ga hoton sabon launin ta kira ta ce an mayar da madafar zamanin da. Inna ta ce e, zamaninta ne.

Bayan kwana goma na koma don in ɗaura marikan ƙofofin da na cire. Tun daga zaure na ji ƙamshin daddawa. Kwaɗon ƙofa babu shi. Duwatsun murhun nan uku an jera su a inuwa an ɗora randa a kai. Inna na tsaye a cikin madafar da takalminta, tana kaɗa miya a kan gaz, ƙofar kwaba ɗaya a buɗe, ga tsohon akwatin an ba shi wuri a ƙasa, launinsu ɗaya kamar uwa da 'ya. Na hango shatar yatsa a jikin aljihun tsakiya, sai da na matsa sosai na gan ta, kuma ba wanda ya damu ya goge.

Mushe na zaune kan tabarma a bakin ƙofar. Na buɗe baki zan yi sallama da ƙarfi yadda na saba, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, irin na cikin aji.

"Saurara," in ji shi.

Na tsaya da marikai a hannu. Na ji tukunya na tafasa, na ji maburgi na bugun gefenta, na ji kaza a bayan rumbu. Na dube shi ban gane ba.

"Tun hantsi nike nan zaune," ya ce. "Ba ta yi tari ba ko sau guda."