Gayaunar Sufyan

Bana Baba ya yanka mana gayauna, ni da ƙanena Sufyan. Ni ne babba, idona garau, amma gefen da shanun Fulani suka kwana duk rani, inda ƙasa ta yi baƙi da taki, Sufyan aka nuna wa. Ni aka tura ni kan tudu, cikin yashi.

Sufyan ya makance tun yana shekara shida. Bara wata ƙungiya a Tasawa ta koya masa shuka da igiya: a kafa turke biyu, a ja igiya mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli rami guda. Baba ya ce in ya shuke wurin da hannunsa, layi bai karkace ba, ya zama nasa. In ya kasa, wurin ya dawo gare ni.

Da ruwan shuka ya sauka, duk garinmu Urafan aka fita gona. Ni aka sa in riƙa matsar masa da turke. Mata masu wucewa sai tsayawa suke suna sa masa albarka. Ni da na bar karatun lakwal na yi shekara biyar ina noma gandun gidan nan, ba wadda ta taɓa tsayawa.

A layi na bakwai na kai turken gabas taki uku maimakon ɗaya.

Sufyan ya sara rami biyar, ya tsaya. Ya kwantar da ƙotar sungumi tsakanin igiya da layin baya, ya shafa.

"Yaya Laminu, ƙafarka ta ƙara tsawo ne yau?"

"Kai da ba ka gani, me ka sani?"

"Na san amalanke zai bi ta nan bai taka hatsi ba."

Ya bi igiyar har turke, ya tumɓuke shi, ya auna da ƙotar ya sake kafawa.

"Je ka shuka taka, Yaya. Zan iya."

Ban tafi ba. Na zauna gindin gawo ina jiran ya ɓata. Har la'asar bai ɓata ba.

Baba ya zo ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kan Sufyan ya ce, "Ta zama taka." Sannan ya hau tudu, ya tona yashina da yatsan ƙafa.

"Laminu, nan ta sha iska, ta bushe. Sai ka jira wani ruwan."