Kuɗin Ayaba

Kok Leong ya cafke hannun uwarsa daidai lokacin da take miƙa takardar kuɗin ga wuta.

"Mama, tsaya! Wannan ba ta ƙonawa ba ce."

Ranar share kaburbura ce a garin Ipoh. Ko'ina mutane na ƙona wa mamatansu kuɗin wasa, har da motoci da wayoyin kwali, don su huta a can. Ban da uwar tasa, tsohuwa Swee Lian. Mahaifinta ya rasu ne farkon mamayar Japan a yaƙin duniya na biyu, don haka kuɗin Japan take aika masa, masu zanen ayaba, ɗaya duk shekara, daga gwangwanin biskit da ya bari. Yau saura ɗaya tal.

Ita ce kuwa dillalin tsofaffin kuɗi ya gani a hoto ya kusa shiɗewa. Bugun farko ce, mai lamba. Abin da ya taya zai gyara rufin da ke yoyo a kan gadonta.

"Ga wasu na sayo miki, dami guda," in ji Kok Leong. "Duk ayabar ce. Kaka ya zama attajiri."

Ta ɗaga ɗaya a rana, ta ja tsaki.

"Ina lambar? Haruffa biyu kawai! Na ƙarshen yaƙi ne, lokacin da cikin kwando ba ya sayen ƙwai. Kakanka bai san su ba. So kake mai shayi ya kama shi da jabu?"

"Wane mai shayi, Mama? Ya mutu fa!"

"Shi mai shayin can rai gare shi?"

"Haba Mama, kuɗin nan sun daina aiki tun kina yarinya."

"Rage murya!" Ta waiwayi kabarin. "Ba wanda ya gaya masa. Da ciwo ya kwantar da shi, kekensa ya sayar ya cika gwangwanin nan, yana ta murna ya bar mana abin dogaro. Kai ne za ka ba shi kunya?"

Tausayi ya kama Kok Leong, har ya rasa na wa yake ji. Ya saki hannunta. Takardar ta kama da wuta, kuɗin gyaran rufin suka bi ta.

"To baɗi fa?" in ji shi. "Gwangwani ya ƙare."

Ta kakkaɓe toka daga rigarta, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe.

"Baɗi ni zan je in yi masa bayani da kaina. Adana mini damin nan naka. Ni ai na san su."