Faruku Ya Ƙi Fita Daga Bandarol

Lokacin da Hilaire ya sauka daga babur a filin rigakafin shanu na Dumega, makiyaya sun riga sun fara kora garkensu baya. Babu mai son saniyarsa ta wuce ta ƙarƙashin bandarol ɗin da ya zana, wato babban ƙyallen sanarwa da aka rataya a mashiga.

A jikin bandarol ɗin ga Alhaji Gidaɗo, sabon shugaban ƙungiyar makiyaya, tsaye kusa da wani jan bijimi. A ɗaya gefen kuma ga wani mutum fari-fari kamar hayaƙi, ana hango itatuwa ta cikin ƙirjinsa, hannunsa bisa tozon bijimin. Kowa ya gane shi: Faruku ne, wanda Gidaɗo ya kayar a zaɓe.

Dama da shi aka ɗauki hoton, Gidaɗo ya ce a fidda shi. Hilaire, da ke kiran kansa babban mai zane na Dogon Dutsi, bai goge shi ba. Ya lulluɓe shi da abin da masu sana'ar ke kira mask: inda ka shafa fari hoto ya fito, inda ka shafa baƙi ya ɓoye. Sai dai baƙin da ya zaɓa bai cika baƙi ba. A gilashin kwamfutarsa mai ƙura Faruku ya ɓace, amma injin bugawa bai yarda ba.

"Malam Hilaire," in ji Gidaɗo, murya ƙasa-ƙasa, "na ce ka fidda mutum, ka maido mini shi iska?"

Hilaire ya shiga bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, cewa toka-toka rabin ɓoyewa take yi. Wata tsohuwa mai tallar nono, Asiya, ta ce wannan ai ba sabon ilimi ba ne, aljana doguwa ma haka take, ana ganinta ba a ganinta. Makiyaya suka gyaɗa kai, suka ƙara matsawa baya. Shi ko Faruku na gaske yana gindin gawo yana kurɓar shayi. Aka tambaye shi ko shi ya tura kurwarsa, ya ce shi bai ce ba, bai kuma ce a'a ba.

Gidaɗo ya rantse in likitan dabbobi ya iso ya tarar da fili babu saniya, to daga Tibiri har Dogon Dutsi ba mai ƙara kai wa Hilaire ko katin suna.

Hilaire ya ari wuƙar wani mahauci, ya hau amalanken jaki, ya bi layin hayaƙin nan a hankali ya yanke shi tsaf. Aiki ya yi kyau, har ya yi yawa: rami ya fito da siffar Faruku, har da hula. Faruku ya aje kofinsa, ya zagaya baya, ya hau turmi ya cike ramin da kansa, ya ɗora hannu bisa tozon.

Dariya ta ɓarke, tsoro ya tafi, shanu suka fara dawowa. Amma sunan Faruku ake kira, ba na shugaba ba.

"Alhaji, ai fili ya cika," in ji Hilaire.

Wata mota ta tsaya, wata mata da ba wanda ya sani ta fito da jandarma a bayanta. Ta daɗe tana kallon tsagar kunnen bijimin da ke jikin bandarol, alamar da ake gane mai dabba da ita, sannan ta tambaya wane ne tsakanin Gidaɗo da Faruku ya ce bijimin nan nasa ne.