Sujadar Baba a Wajen Motsa Jiki

Hafsah ta shiga gidan kula da tsofaffi da ke unguwar Kado da shirin ɗauke mahaifinta. Ciwon mantuwa ya ci Baba Ɗangoggo har sunanta ya ɓace masa, salla ma tun bara ya daina. Ga 'yan'uwa sun ishe ta da waya, wai ta jibge shi a hannun baƙi. Ta riga ta faɗa wa shugabar gidan cewa in ya ƙara faɗuwa, to zamansa ya ƙare.

A falo ta same su. Alice, mai koya musu motsa jiki, tana tsaye gaban kujeru, tsofaffin na kwaikwayonta. Ta ɗaga hannuwa daidai kunne, suka ɗaga. Ta ce masu iyawa su miƙe, su sunkuya, su dafa gwiwa don baya ya saki.

Baba ya dafa gwiwa. Ya ɗago. Sai kawai ya sulale ƙasa, goshi a kan tayil.

Jakar Hafsah ta suɓuce. Mutumin da ko zama sai an riƙe shi. Alice ta ruga ta kama kafaɗarsa, tana kiran a kawo keken marasa lafiya, tana rantsuwa ba ta taɓa sa kowa ya sauka ƙasa ba.

Hafsah ta ƙarasa ta durƙusa kusa da kansa. Leɓɓansa na motsi. Tasbihin sujada ne, tiryan-tiryan, babu gargada.

"Sista, cika shi," ta ce. "Salla yake yi."

Alice ta janye hannu da sauri. "Madam, wallahi ban sani ba. Ni gwiwa kawai na ce su kama."

Ya ɗago ya zauna, ya sake komawa, ba wanda ya tallafe shi. Sai a lokacin Hafsah ta lura yamma yake kallo, wajen talabijin, daidai inda Alice ke tsayawa. Ya ba alƙibla baya.

Da ya sallame ya dubi Hafsah, ya tambaye ta cikin ladabi ko ta ga inda ya ajiye takalmansa. Bai gane ta ba.

Shugabar gidan ta iso tana haki, tana ba da haƙuri, tana tambaya ko a haɗa masa kayansa. Hafsah ta daɗe tana kallon jan shatin da tayil ya bari a goshinsa.

"A bar kayan," ta ce. "Amma Sista, gobe ki juya kujerun nan su kalli gabas. Ke kuma ki tsaya daga gefe."