Ƙwayoyin Tamar

Son a yabe ka mugun ciwo ne, shi ya ci gidan maƙwabcina Azariya. Ina zaune a ƙofarsa a Fadan Kaje na ga ya buɗe kwalbar maganin matarsa Tamar, yana zuba wa tsohuwa Afiniki ƙwaya a tafin hannu.

"Azariya, me kake yi haka?"

"Dattijo, idonta ne ya yi hazo. In hana ta? Ba ka ga yadda na Mama Doreen ya buɗe ba?"

Matarsa yake nufi, idonta ya buɗe kam. Tamar ta daɗe tana tari kafin idonta na hagu ya soma duhu. A Jos likita ya ce kansar huhu ce ta haura har ido. Suka gwada naman ciwon, suka ce akwai ƙwayar da aka yi domin irin nata, ɗaya kullum, ba fashi. 'Yarsu Doreen ke aikowa daga Abuja. Kafin a haƙa citta Tamar ta koma zura zare a allura, ta tashi a coci ta ba da shaida. Daga ranar gidan ya zama asibitin ido. Mai yana, mai ƙaiƙayi, har daga Kagoma ake zuwa a kan mashin.

"Ba maganin ido ba ne," na ce masa. "Na ƙirjinta ne!"

"Ai ta warke. Allah ya ba mu, mu ma mu ba wasu."

Tamar ta leƙo daga kicin. "Bar shi, Dattijo. Yau in sha, gobe in huta. Kada a ce muna rowa."

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Doreen ba ta sani ba sai da tarin ya dawo, da jini. Ta zo, ta ɗaga kwalbar ta girgiza. Shiru.

"Baba, ina na watan nan?"

Azariya ya sunkuyar da kai. Da aka koma Jos, likita ya ce ciwon ya riga ya yi nisa. Idon ya rufe, ɗayan ya bi. Muka binne ta kafin ruwan farko.

Azariya ya rasa matarsa. Doreen ta daina ɗaga wayarsa. Cikin duk waɗanda suka karɓa ba wanda idonsa ya buɗe, Afiniki ma gudawa kawai ta samu. Masu kiransa mutumin kirki sun ɗauke ƙafa.

Da yamma nakan hango shi ta kan katanga, ya durƙusa yana hura wuta a ƙarƙashin ƙaramar tukunya.