Sitiroberin Kishor

Dhondiba ya shekara talatin yana noman sitiroberi, wasu jajayen 'ya'yan itace masu zaƙi, a kan tsaunin Mahabaleshwar. Ɗansa ɗaya ne, Kishor, wanda ya tafi Foland aikin gona. Da ya zo ganin gida, ya taho da dashe goma sha biyu naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Baba, idan ka ɗanɗana wannan, sai ka zuba wa awaki naka," in ji shi.

"Ji min ɗan nema! Da nawan aka yi maka kuɗin jirgi."

Kishor ya koma. Bayan wata huɗu ciwon huhu ya ɗauke shi, can aka ƙona gawarsa.

Mahaifiyarsa Shewanta ta karɓi renon dashen. Sanyi ya shigo, gonakin ƙauyen duk suka yi jawur, amma na Kishor suka takure a ƙasa, ko fure babu. Shekara ta zagayo, haka dai.

Dhondiba ya kira malamin gona. Mutumin ya durƙusa ya dudduba ganyen.

"Kawu, ba ciwo ba ne. Wannan iri sai ya yi barci ƙarƙashin ƙanƙara, ya farka ya tarar da doguwar rana. A can, lokacin 'ya'yansa, rana kan yi awa goma sha shida. Nan sanyinmu bai isa ba, yininmu gajere. A tuge a sa irin namu."

"Hannun da ya taɓa su sai na sare shi," in ji Shewanta.

Da malamin ya tafi ta ce, "Baban Kishor, ba sanyi suke so ba? Ai Ganpat mai shagon madara yana da firji."

Dhondiba ya san da wuya, amma bai musa ba. Dashen suka yi wata biyu tsakanin robobin madara. Tara suka ruɓe. Uku aka mayar ƙasa, ɗaya ya yi fure, ya ba da ɗa guda, ko kan babban yatsa bai kai ba.

Ranar da ya nuna, Shewanta ta raba shi biyu da wuƙa. Tsami ya cika bakin Dhondiba. Ya dubi matarsa, tana ta taunawa a hankali, ta ƙi haɗiyewa.

"Yaron bai yi ƙarya ba, akwai zaƙi," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Damina ta sauka da ruwanta na wata huɗu, sauran ukun ma suka ruɓe.